Takun Gada

A Yelwa ta Garwa, bayan shagon mai gyaran firji,
akwai ɗakin da kwanon rufinsa ke karkarwa duk daren Asabar.
Nan na fara jin abin da kunne ba ya ɗauka,
sai haƙarƙari.

Jitar bas ce, tsirkiya huɗu,
ta ƙarshen ta fi wayar birkin babur kauri.
Mai ita Barmo, tsohon direban motar auduga,
tafin hannunsa kamar faifai.
Ba ya murmushi in yana kiɗa,
ba ya ma kallon kowa.

Ya ce da ni: Yaro, mai jitar gaba zance yake yi,
mai ganga gardama,
mu namu dako ne.
Wa ya taɓa yi wa ginshiƙi tafi?
Amma zare shi ka ga inda masu rawa za su kwana.

Taku uku ya bar mana, mu magada wannan wahala.

Na farko na dorina ne.
A bakin Binuwai ya tsince shi da asuba,
sa'ad da ta ɗago hanci ta yi gurnani:
biyu a ƙasa, ɗaya ya zame sama kamar tambaya.
Yara kan haddace shi cikin mako,
su yi ta ɗaga kafaɗa.

Na biyu ba shi da suna.
Dakan matarsa Dudu ne, in ji shi,
ranar da ya dawo babu kuɗin cefane,
taɓarya na riga numfashinta sauka.
Wannan sai yatsu sun yi kanta
kafin ya yarda ya ba ka hannu.

Na uku shi ne na gada.
Shekara goma sha tara yana haye ta da lodi,
taya na dukan gaɓoɓin ƙarfe:
gim, gim-gim,
sai shiru,
gim.
Shirun nan, ya ce, tsakanin tayar gaba ne da ta baya,
nan direba kan tuna da 'ya'yansa.

Masu bas na Marwa sun zo dominsa.
Wani ya taso tun daga Mundu a bayan a-kori-kura,
ya kwana a benci, sauro ya yi walima,
da safe ya ce a maimaita masa sau ɗaya tak.
Kowa ya iya gim-gim ɗin.
Ramin ne ke ka da maza.

Ni ma na kaɗa shi shekara da shekaru,
a wajen suna, a liyafar 'yan ƙwallo,
ba wanda ya tambayi sunana.
Amma na ga wani dillalin shanu mai ɗaure fuska,
ƙafarsa na motsi ƙarƙashin tebur ba da izininsa ba.
Wannan ya fi mini sefa dubu biyar ɗin da aka ba ni.

Yanzu kunnen Barmo ya tafi,
yatsunsa sun lanƙwashe kamar busasshiyar kuɓewa.
Jiya na kai masa jitar da ƙaramar sifika,
muka zauna jiran wuta har la'asar.
Ya ɗora tafinsa a kan akwatin
kamar mai duba zazzaɓin jariri.
Na kaɗa. Na sa kwalliya biyu
da na daɗe ina ɓoyo don wannan rana.

Ya janye hannu, ya goge a riga.
Ya ce: Ka yi wa gadata ciko.
To a ina direba zai tuna da 'ya'yansa?

Na sake. Na bar ramin a buɗe,
gabana na faɗuwa kamar mai leƙa rijiya.
Cikin shirun akuya ta yi kuka a maƙwabta,
cokali ya motsa a kofin shayi.
Gim.

Bai ce na iya ba.
Ya dai bar hannunsa a wurin
har aka ɗauke wuta.